Hancin Aro

Shekara uku ke nan Batulu tana yi wa mijinta aikin hanci, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ta yi masa ba. Ita ma ba ta taɓa cewa ta yi ba. Haka suke zaune, tsofaffi biyu a hawa na biyu na wani gida a unguwar Utaibiyya da ke Makka, kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya kama bakinsa.

Mijin, Yari, attar ne, wato mai sayar da kayan ƙamshi da na yaji, kuma shagonsa ya girmi yawancin gidajen layin. Kakansa ne ya fara sana'ar. Ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, shekara bakwai yana tafe da jakar fata cike da kimba da masoro da citta, yana sayarwa yana saye, har ya haye teku daga Sawakin. Da ya sauke farali bai koma ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya koyi kayan da ayarin Sham ke saukewa da waɗanda jiragen ruwa ke kawowa Jidda, a hankali tabarma ta zama shago. Wannan labarin Batulu ta ji shi ya fi sau dubu. In Yari ya ɗauko shi, ta san daidai inda zai tsaya ya yi tari, ta san inda zai ce a wancan zamanin raƙumi ne mota.

Amma abin da Yari ya gada wanda ya fi shagon shi ne hanci. Mutumin nan in ya buɗe buhun summaƙ, jan garin nan mai tsami da 'yan Makka ke barbaɗawa a kan yankakkiyar albasa da mantu, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, zai gaya maka na bana ne ko ya shekara, zalla ne ko an cuɗa shi da dusa an zuba masa kala. Balle mistika. Ita ƙaro ce ta wata bishiya da ke wani tsibiri can ƙasar Girka, 'yan ƙwayoyi ne farare kamar tsakuwar gishiri. Ana sa ta a miya, ana sa ta a shinkafar madara, kuma duk gidan da ya amsa sunansa na mutanen Makka ba ya miƙa wa baƙo ruwa ranar taro sai an turara kofin da hayaƙinta. Saboda tsadarta ita aka fi yi wa jabu, jabun kuwa ido ba ya raba shi da na gaske. Sai an ɗora a garwashi, hanci ya yanke hukunci.

To, da bakinsa Yari ya ɗaure kansa. Ɗansu Muhannad, wanda ya yi karatun kasuwanci ya dawo shagon, ya daɗe yana son a kwashe buhunan nan masu buɗaɗɗen baki, a jera gwangwanaye da ledoji rufaffu masu kwanan wata. Wata rana gardama ta yi zafi a gaban maƙwabtan shago, Yari ya zaro makulli ya ɗaga sama.

"Ku shaida," in ji shi. "Ranar da hancin nan ya yi ƙarya, ranar zan ajiye masa wannan in koma gida in zauna."

Mutane suka shaida suna dariya, don ba wanda ya zaci ranar za ta zo. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi, hancin bai tashi ba.

Batulu ta gane ne ranar da shinkafa ta kama a tukunya tana banɗaki. Ta fito ta tarar falo ya cika da ƙauri, shi kuwa yana zaune a tsakiyarsa yana jan carbi hankali kwance. Mutumin da tun daga ƙasan bene yake faɗa mata ta cika tafarnuwa a miya. Ta tsaya ta dube shi, ta je ta buɗe taga, ta kankare tukunyarta.

Bayan kwana biyu ya dawo da la'asar da 'yan ƙulle-ƙulle a takarda. Ya baje su a kan tabarma, ya gyara murya.

"Shekara arba'in kina auren attar, ba ki san komai ba. Abin kunya ne. Zo in koya miki aiki. Shinshina wannan, me kika ji?"

Ta shinshina. "Wannan ya sha danshi, Malam. Yana warin ɗaki."

"Madalla," in ji shi. "Kin fara ganewa."

Washegari ya mayar wa dillali buhunsa. Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. A kasuwa sai aka ce Yari ya ƙara wayo da tsufa, yanzu ba ya sayen kaya sai samfur ya kwana a gidansa. Har wasu suka fara kwaikwayonsa, suna kwasar ƙulli zuwa gida ba su san me za su yi da shi ba.

Kada ka ɗauka Batulu waliyyiya ce. Ta gaji, gajiya ta gaske. Ta daina shafa turare don kada ya rufe mata hanci. Ta daina soya barkono da rana. Duk unguwar da ta je sai ta baro ta kafin la'asar, har ƙawaye suka fara cewa tsufa ya sa mata kulle. Ƙanwarta da ke Daura ta yi ciwo ta warke, ta aurar da 'ya'ya biyu, Batulu ba ta je ba, don wa zai shinshina kayan Ramadan? Abin da ya fi cin ranta kuma, kullum ita ce ɗaliba. Shekara uku tana fara ganewa. Wani lokaci takan ji kamar ta watsar da ƙullin a tsakar ɗaki ta ce, bawan Allah, faɗi gaskiya mu huta.

Sai dai ta ga abin da ya sami maƙwabcinsu mai sayar da zuma, da 'ya'yansa suka ce ya huta. Ya zauna bakin taga yana kallon motoci, bai cika shekara ba aka kai shi makwancinsa. Ta san Yari ba shi da wani wuri a duniya sai kujerar nan ta tsakanin buhuna. In aka raba shi da ita, ba ta san me za ta yi da mutumin da zai rage ba. Don haka kullum la'asar takan wanke hannu, ta zauna, ta miƙa hanci.

In da abin da take so a cikin aikin, to summaƙ ne. Tsaminsa yana tuna mata faru da danya da suke tsinka a bayan gari tana yarinya, kafin ta biyo mahaifinta aikin hajji ta zama 'yar nan. Ta taɓa faɗa a wurin cin abinci, Yari ya ce ina faru ina kayan Sham. Muhannad ya duba a wayarsa ya ce ai Ummi ce da gaskiya, summaƙ da mistika da fustuƙ mai kama da gyaɗa da mangwaro da yazawa, har da danya da farun, duk 'yan gida ɗaya ne a wurin masana itatuwa. Yari ya ce ai ya sani, gwada su yake yi. Wallahi bai sani ba.

Bana da aka gama aikin hajji, alhazai suka watse suka bar wa gari tsarabar da suka saba bari, wato mura. Ta kama Batulu ranar Talata, cikin makon da matar Muhannad ta haifi ɗa namiji. Suna ya kama ranar Asabar, kuma Yari za a yi wa takwara. Tsohon ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya gayyaci tsofaffin attarai na Utaibiyya da na unguwar Tandabawi, ya ce ruwan da za a sha ranar nan sai an daɗe ana zancensa.

Matsalar ita ce alhazai sun kwashe mistikar shagon kaf. Ba abin da ya rage sai 'yan ƙwayoyi biyar ko shida da Yari ya ɓoye a wata batta tun na sayen mahaifinsa na ƙarshe, su kuwa ba a taɓa su, kuma ba za su turara kofi sittin ba. Dillalin da ya saba kawo masa ya tsufa ya daina fita. Wani sabo ne ya zo daga Jidda ranar Alhamis, mai fara'a da yawa, ya ce zai dawo jin amsa da safe.

"Abuya, ba mu san mutumin nan ba," in ji Muhannad. "Mu ɗauki ta gwangwani mu huta."

"Ta gwangwani ka kai wa masu otal. Ni ba mutum nake saya ba, kaya nake saya. Samfur zai kwana a gida."

Tun safe Batulu take laɓewa a kicin tana gwada kanta. Ta yanka albasa ta kai hanci, ba komai. Ta tauna kanumfari, ta ji zafi a harshe kawai. Ta shafa man zafi, ta yi sirace, ta sha citta da lemun tsami har cikinta ya fara ƙugi. Hancin nan kamar an liƙe shi da siminti. Ta yi tunanin kiran Safara'u, yayar Yari, wadda ke zaune layi biyu daga nan. Amma abin da Safara'u ta ji da azahar, kasuwa ta ji shi kafin magariba. Ta yi tunanin Muhannad, ta ga ai shi ne mai jiran makullin.

La'asar ta yi, Yari ya shigo da ƙullinsa. Ya hura garwashi da kansa a ƙaramin kasko, ya ajiye a tsakaninsu. Bai ɗora mistikar nan da nan ba.

"Murar ta sake ki?"

Ta dube shi. Ya yi aski saboda suna, wanzami ya ɗan yanke shi a bayan kunne. In ta ce ba ta sake ta ba, me zai yi? Sai dai ya ce to bari in ji da kaina, ya sunkuya kan hayaƙi a gabanta, su duka biyun sun san ba abin da yake ji. Wannan kam ba za ta iya kallo ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ba ta san wanne ya fi yawa ba.

"Ta sake ni," ta ce.

Ya ɗora. Ƙwayar ta narke ta yi kumfa, farin hayaƙi ya tashi siriri. Batulu ta sunkuya ta ja numfashi har idonta ya kawo ruwa. Ba ta ji komai ba. Ta ce a ranta, launin daidai ne, narkewar daidai ce, hayaƙin ma fari ne, Allah ba zai kunyata mu ranar sunan jika ba.

"Me kika ji?"

"Ta yi."

"Kin tabbata?"

Shekara uku bai taɓa yi mata wannan tambayar ba. Malami ba ya tambayar ɗaliba ko ta tabbata.

"Ta yi, Malam."

Ya daɗe yana kallon garwashin. "Madalla," ya ce a hankali. "Kin fara ganewa." Da safe ya sayi kayan dillalin.

Ranar suna Batulu ta tashi da wuri. Mai jego da jariri suna cikin gidan, ba a son hayaƙi kusa da su, don haka ta kwashi kaskonta ta hau saman bene ita kaɗai. Sawu huɗu ta yi da kofuna sittin da tuluna biyu, gwiwoyinta suna kuka a kowace matakala. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ka ɗora ƙwaya a garwashi, ka kifa kofi mai ɗan laima a kan hayaƙin har ya cika, ka yi maza ka kife shi a kan tire, ka rufe da tawul don kada ƙamshin ya gudu. Haka uwar Yari ta koya mata, haka ta yi, ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukan ƙeyarta, iska tana kwashe hayaƙin tana yin gabas da shi. Ta turara tulunan, aka cika su da zamzam. Da ta gama ta zauna a kan bokiti kife ta daɗe ba ta iya tashi ba.

Bayan azahar maza suka cika majalisar ƙasa, mata suka cika sama. Aka ci abinci. Masu hidima suka ɗauki babban tire da tulu ɗaya suka sauka da su. Daidai lokacin Safara'u ta iso, a makare kamar kullum, tana haki tana zagin wanda ya ƙirƙiro bene.

"Batulu, ba ni ruwa kafin in mutu a gidan ƙanena."

Batulu ta ɗaga tawul, ta zaro kofi, ta zuba mata. Safara'u ta kai baki, ta kurɓa, ta tsaya. Ta furzar a cikin mayafinta.

"Wannan fa? Taya kuka ƙona?"

"Mistika ce, Yaya."

"Mistikar wa? Kofin nan warin roba yake, har maƙogwarona. Ke ba ki ji ba?"

Batulu ta dire tulun. Ta nufi matakala. Gwiwoyin da suka yi sawu huɗu da safe suka ƙi sauri, tana dafa bango tana sauka, tana cewa a ranta Allah sa ba a zuba ba, Allah sa ba a zuba ba. Ta isa bayan labulen majalisa ta tsaya. An zuba. Ta ji ƙarar kofuna ana ajiye su a hankali a kan tire, ɗaya, biyu, uku. Wani ya yi tari. Hirar da ta cika ɗakin ta mutu.

Sai muryar Yari ta tashi, cike da jin daɗi.

"Ku sha mana, ku sha. Kun ji mistika? Irin wadda ake saukewa a Jidda zamanin mahaifina ke nan. Ku faɗi gaskiya, shekara nawa rabonku da jin irinta?"

Ta ji ya ɗaga kofinsa ya shanye, har da ajiyar zuciya. Batulu ta jingina goshinta da bango. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige ta ja labulen ta rufe.

Idris ne ya fara magana, tsohon attar na Tandabawi, abokin Yari tun suna yara. "Allah ya raya takwara, Abu Muhannad," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Muhannad ya miƙe da sauri. Cikin Larabci ya ce a kwashe kofunan, a yi haƙuri, sabulun wanki ne bai fita ba, laifin masu wanke-wanke ne, a kawo ruwan roba. Yana ta magana, yana maimaitawa. Batulu ba ta taɓa jin ɗanta yana ƙarya ba, kuma bai iya ba sam.

"Zauna," in ji Yari.

Batulu ta san yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, don hanci ne ya mutu, idon attar yana nan.

"Ba sabulu ba ne," ya ce. "Idris, me ka ji?"

"Haba, Yari."

"Me ka ji?"

"Ƙaro ne na banza aka shafa wa turare. Turaren ya ƙone ya bar ƙaron."

Sai ta ji ƙarar ƙarfe ya faɗa kan tire a tsakanin kofuna. Ta san ƙarar nan, shekara arba'in tana jin ta a kan teburin gefen gado.

"Kana wurin ranar da na yi magana, Idris. Yawancinku kuna wurin. Ga shi nan."

"Abuya, ba yau ba," in ji Muhannad.

"Yau ne."

Aka yi addu'a, aka watse da wuri. Mata a sama suka ci gaba da shagalinsu, don Safara'u, abin mamaki, ta ce ruwan ne ya yi zafi ta kuma yi shiru. Da gida ya yi sauƙi Muhannad ya shigo kicin ya tarar da uwarsa tana wanke kofuna sittin da ruwan zafi. Makullin yana hannunsa, ya riƙe shi kamar garwashi.

"Ummi, tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin nan."

"Shekara uku? To wa yake..." Ya tsaya. Ya dubi jan hancinta, ya dubi tsumman da ke soke a zaninta. "Samfur ya kwana a gida," ya ce a hankali. "Ke ce."

Ta ci gaba da wanke-wanke.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ni ma ba a gaya mini ba," in ji Batulu.

Ya sumbaci kanta, ya fita. Washegari ya dawo da makullin ya ajiye a gaban ubansa, ya ce shi bai karɓa ba. Yari ya ture masa shi da bayan hannu. Jibi ma haka. A rana ta uku Muhannad bai kawo ba, don shago ba ya zama a rufe.

Yari ya ja kujera bakin taga. Yakan tafi masallaci ya dawo ya zauna. Bai yi mata faɗa ba, bai ɗaga murya ba, abinci ma in ta ajiye yakan ci ya ce an gode. Wannan an goden ya fi mata zagi ciwo. Da ma ya yi ihu, ya ce ke kika kashe ni, da ta sami abin amsawa. La'asar kuwa ta zama lokacin da ta fi tsana. Takan tsinci kanta ta wanke hannu tana jira, sannan ta tuna ba abin jira. Hutun da ta yi shekara uku tana roƙo ya zo, ga shi ba ya haɗiyuwa.

A rana ta shida ta kasa daurewa. Ta kawo masa shayi, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar.

"Malam, ƙarya na yi maka ranar nan. Murar ba ta sake ni ba. Ban ji komai ba."

"Na sani," ya ce, bai juyo ba. "Da baki kike numfashi."

"Ka sani? To me ya sa ka saya?"

"Ke me ya sa kika ce ta yi?"

Wata motar ruwa ta wuce a ƙasa tana ƙara, suka bi ta da ido har ta sha kwana.

"Na gaji ne, Batulu," in ji shi. "Kullum in na fito da ƙullin nan daga shago sai in ji kamar sata na yi. Na ce a raina, in ta yi, to. In ba ta yi ba, shi ke nan."

"Ni ma na gaji."

"Na sani. Ba ki je Daura ba."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Shayin ya huce, ta ɗauka ta mayar kicin.

Hancin ya dawo a rana ta tara, ba sallama. Tana soya albasa kawai sai ƙamshin ya buge ta, har ta ja da baya. Sai ga komai ya dawo lokaci guda, man gyaɗa, sabulu, tsohon katakon kabad, har warin robar da ya maƙale a tawul ɗin nan da ta wanke sau biyu. Ta ɗauki tawul ɗin ta shinshina, ta ji abin da baƙin suka ji. Ta zauna a kan kujerar kicin ta yi kuka, rabi na baƙin ciki, rabi na haushi. Yanzu ya dawo, da ba shi da amfani ga kowa.

Ba ta gaya masa ba, amma ya gani. Maƙwabta suna dafa kifi, ta juya kai wajen taga ba ta sani ba, ya bi ta da kallo.

Da la'asar ta ji motsi a kicin. Ta leƙa ta gan shi a tsugune yana hura garwashi a ƙaramin kaskon nan, toka ta bule masa gemu. Ya kawo ya ajiye a kan tabarma inda suka saba zama. Ba ƙullin takarda a hannunsa. Battar mahaifinsa ce. Ya buɗe, ƙwayoyin sun yi rawaya don daɗewa.

"Malam, waɗannan ai ba a taɓa su."

"Zauna."

Ta zauna. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora. Ta narke, hayaƙi ya tashi. Batulu ta gyara zama irin na ɗaliba, tana jiran ya ce me kika ji.

"Ba koya miki zan yi ba," in ji Yari. "Ba ni da abin koya miki. Shekara uku ban ji ƙamshin komai ba, ko na burodi. Da farko ina tuna su, in na rufe ido sai su zo. Yanzu sun daina zuwa." Ya tura kaskon gabanta kaɗan. "Na manta yadda take, Batulu. Gaya mini."

Ta sunkuya. Ƙamshin ya shiga har cikin kanta, mai sanyi, mai tsabta. Ta buɗe baki ta rasa abin faɗa. Shekara uku ba abin da ta iya sai cewa ta yi ko ba ta yi ba.

"Kamar itace ɗanye da aka fasa da safe," ta ce. "Da ɗan sanyi a ƙarshensa." Ta ga bai isa ba. "Ka tuna ranar da aka kawo ni gidanku a Tandabawi? Innarka ta miƙo mini ruwa a kofin tasa da aka turara. Ban taɓa sha ba, na ɗauka magani ne aka sa mini. Na riƙe shi a baki, na kasa haɗiyewa na kasa zubarwa, kai kuma kana bakin ƙofa kana ta dariya."

"Kumatunki sun kumbura," in ji shi.

"To, shi ne. Haka take. Har da ƙamshin tulun, da na zanen innarka."

Yari ya rufe ido. Ya ja numfashi ta hancin da ba ya jin komai, ya riƙe, ya sake. Hawaye ya biyo gefen gemunsa ya wanke tokar, bai share ba.

"Ƙara gaya mini," ya ce.

Hayaƙin ya fara yankewa. Batulu ta miƙa hannu cikin battar ta ɗauko ƙwaya ta biyu.